Canza salansar a-kori-kura a Amurka ba tare da ka ƙona garantinka ba

A watan Yulin bara esin motata ya daina sanyi. Wanda ya taɓa zama a Hustan ya san zafin Yuli a nan, zafi ne mai ɗanko da ke manne maka riga a baya, ba irin busasshen zafin Zariya da na tashi a ciki ba. Motar a-kori-kura ce mai silinda takwas, da ita nake ɗaukar tsani da kayan aikin rufi. Shekararta biyu a hannuna, ta ci mil 27,000 da 'yan kai, wato tana cikin garanti tsundum. Na kai ta wurin dila. Saurayin da ke karɓar motoci ya zagaya ta yana rubuce-rubuce, da ya iso baya sai ya ja birki, ya tsuguna ya leƙa bakunan salansa biyu masu ƙyalli da na sa mata. Ya miƙe yana girgiza kai, ya ce, "Yallaɓai, ai ka canza salansa. Garantinka ya tashi aiki."

Na tambaye shi me ya haɗa bututun hayaƙi da kwamfiresar esi, alhali ɗaya na can ƙarƙashin bodi ɗaya na gaban injin. Bai da amsa. Na ce to ya rubuta mini a takardar aiki cewa sun ƙi gyara esi saboda salansa, ya sa hannu. Ya shige ofis, ya daɗe, sai ga manajansu ya fito yana fara'a. Bayan kwana biyu na karɓi motata da sabuwar kwamfiresa, ko sisi ban biya ba.

Tun daga nan 'yan'uwa da dama suka riƙa tare ni bayan sallar Juma'a da tambaya ɗaya, har ƙanina da ya sayi tasa kwanan nan: "Yaya, in na sa irin taka, garanti zai lalace?" Ga amsar da nake ba su, da tsawonta.

Garanti ba ƙwai ba ne da zai fashe gaba ɗaya don ka taɓa gefe guda. A Amurka akwai dokar tarayya mai suna Magnuson-Moss, sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, Sanata Warren Magnuson da John Moss. Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu a 1975, hukumar kare masu saye ta FTC ce ke sa ido a kanta. Dokar ta hana kamfani ya ce sai da kayansa kaɗai, ko sai a garejinsa kaɗai, garanti zai ci gaba da aiki, sai fa in kyauta zai ba ka kayan ko aikin. Fassarar da FTC ke yi mata kuwa ita ce, kafin a ƙi yi maka gyara saboda wani abu da ka sa, sai an nuna cewa abin nan shi ya jawo lalacewar. Ko an nuna ɗin, gyaran wannan ɓarnar kaɗai za a hana ka, sauran motar na nan cikin garantinta. Kuma ba doka ce ta kan takarda kawai ba: a 2022 FTC ta taso wa kamfanin babura na Harley-Davidson a kan sharaɗin da ya sa cewa garanti zai ɓaci in an yi amfani da kayan wani, dole ya cire shi.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauki girman kai. Dokar tana ba ka abin faɗa, amma makullin gareji na hannunsu. In suka kafe cewa salansarka ce ta jawo, motar za ta zauna, kai ne za ka yi ta zirga-zirga da wasiƙu. Don haka dabarar ita ce ka yi canjin ta yadda babu wanda zai sami abin kamawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Fara da ɗan littafin garanti

Yana cikin aljihun gaban mota, yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba. In ka buɗe za ka ga garantin ba guda ɗaya ba ne. A Ford da Toyota da Chevrolet, na mota gaba ɗaya shekara 3 ne ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Na injin da giyabos da abin da ke kai ƙarfi ga tayu shekara 5 ne ko mil 60,000, kusan kilomita 96,000. Manyan injinan dizal, Power Stroke da Duramax da Cummins, an saba ba su shekara 5 ko mil 100,000. Sannan akwai na uku da mutane ke mantawa da shi, garantin kayan tace hayaƙi, wanda gwamnatin tarayya ta tilasta: manyan kayan, wato tukunyar tace hayaƙi da muke kira indomi da kwamfutar injin, shekara 8 ko mil 80,000. Duba shekarar motarka, don kamfanoni kan sauya waɗannan lambobi.

Abin da za ka nema shi ne shafin da ya lissafa abin da garanti bai ɗauka ba. Kusan kowane kamfani ya rubuta magana iri ɗaya: ba ya ɗaukar ɓarnar da canji ko kayan da ba nasa ba suka jawo. Ka lura da kalmar, ɓarnar da suka jawo. Ɗauki hoton shafin nan a wayarka, ranar gardama shi ne shaidarka ta farko.

San inda za ka yanka

Wannan shi ne zuciyar maganar, saboda haka bari in shiga ƙarƙashin mota da kai. Hayaƙi na fitowa daga injin ya shiga manifol. In motar mai turbo ce, ya bi ta turbo ya sauko ta wani gajeren bututu da ake kira daunfaif. Daga nan sai sensa ta farko mai auna iskar da ta rage a hayaƙin, sai tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikanmu na gida suka raɗa wa suna indomi saboda ƙananan ramukan da ke cikinta. Bayan indomi akwai sensa ta biyu, aikinta ta gaya wa kwamfuta ko indomin na aiki. Sai dogon bututu, wani lokaci da ƙaramar tukunya a tsakiya, sai babbar tukunya mai kashe ƙara, sai wutsiya da ke leƙowa ta baya.

Ka ja layi a bayan sensa ta biyu. A yawancin motoci, abin da ke bayan layin nan bututu ne da tukunya kawai, babu waya, babu abin da kwamfuta ke karantawa. Masu sayarwa na kiran saitin da ya fara daga nan kat-bak, wanda ya fara daga ƙafar baya kuma aksil-bak. Irin waɗannan saitin ne kamfanonin Borla da MagnaFlow da Flowmaster da Corsa ke sayarwa. Abin da ka rasa in ka sa irin wannan shi ne garantin salansar asali kaɗai, tunda ka cire ta, sabuwar kuma mai ita ke da alhakinta. Da wuya wani ya iya nuna cewa tukunyar da ke kusa da safaya ta kashe giyabos ko famfon ruwa.

Gaban layin nan kuwa wata duniya ce. Heda mai dogayen bututu a madadin manifol, faffaɗan daunfaif, ko cire indomi ɗungurungum, duk suna canza yadda injin ke numfashi da abin da sensa ke gani. Ba a daɗewa fitilar injin za ta kama, a jona na'ura a ga lambar P0420 ko P0430, ma'ana indomi ba ya aiki yadda ya kamata. Daga nan mai gareji zai ce maka ai abu ne mai sauƙi, a taɓa kwamfutar, wadda a gida muke kira birenbos, a kashe fitilar, a ƙara mata ƙarfi ma. To a nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Da zarar an sauya lissafin mai da wuta da matsin turbo, ka miƙa wa kamfani hujjar da yake nema. Fistin ya fashe, turbo ya ƙone, giya ta fara zamewa, za su ce ka sa injin ya yi abin da ba a ƙera shi don shi ba, kuma gaskiya ce suka faɗa. Injin a-kori-kura sabo ba kuɗin da mutum ke fitarwa daga aljihu yana dariya ba ne.

Wasu kan ce ai sai a mayar da kwamfutar yadda take kafin a je wurin dila. Ni dai ba na ba da wannan shawara. Ha'inci ne, sannan ba ya ɓoyuwa: kwamfutocin yanzu na ajiye alamar cewa an sake rubuta su, kuma kafin kamfani ya amince da babban gyaran injin yakan sa a duba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ban da garanti ma, akwai hukuma. A gida makanike kan cire indomi ya sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, filatinom da faladiyom da rodiyom, ya ce maka mota za ta fi gudu, babu mai tambaya. A nan dokar tsaftar iska ta tarayya ta haramta cirewa ko kashe duk wani kayan tace hayaƙi a motar da ke hawa titi, tarar kuma dubban daloli ce. A gundumar Harris da muke, motar fetur mai shekara 2 zuwa 24 sai an gwada hayaƙinta kowace shekara, in fitilar injin na kunne ta faɗi, kuma ba za ka sabunta rajista ba. A Kalifoniya duk kayan da ya shafi hayaƙi sai yana da lambar amincewar hukumarsu ta CARB. 'Yan'uwanmu na Bironks kuma su sani, tun Afrilun 2022 jihar Niyok ta ɗaga tarar salansa mai ƙarar da ta wuce ƙa'ida zuwa dala 1,000.

Masu dizal, ku tsaya ku ji

Naku ya fi tsauri. Motar dizal ta zamani na da matatar baƙin hayaƙi, DPF, da bawul mai mayar da hayaƙi cikin injin, EGR, da tankin DEF, ruwan da ke rage gubar hayaƙi. Cire su gaba ɗaya, abin da suke kira dilit, ya yaɗu har hukumar muhalli ta EPA ta ƙiyasta a 2020 cewa an yi wa a-kori-kura sama da 550,000 haka cikin shekara goma. Wanda ya yi wannan ya yi ban kwana da garantin mil 100,000 da ƙafarsa. Layinku yana bayan DPF da duk sensocin da ke biye da ita. Ko a nan ma ku duba wutsiyar asali da kyau, za ku ga tana da ramuka ko faɗi kamar kakaki. Ba ado ba ne. Lokacin da matatar ke ƙona tokar da ta tara, zafin cikinta kan kai wajen digiri 600 a ma'aunin salshiyos, ramukan nan ke jawo iska su sanyaya hayaƙin kafin ya fito. Ka sa wutsiya mara su, ya narka maka bamba ko gaban tirela, ba ka da wanda za ka kama.

Kafin ka biya kuɗi

Aika wa manajan sashen gyara na dilanka imel. Ka faɗa masa sunan saitin da lambarsa, ka ce daga bayan indomi zai fara, ba za a taɓa sensa ko kwamfuta ba, ka tambaye shi ko yana da matsala da hakan. Kada ka yi ta waya, maganar baki iska ce, kuma ma'aikatan wurin na canzawa kamar ruwan rafi. Dilolin sun bambanta ƙwarai. Wani shi da kansa ke sayar da irin waɗannan kayan ya ɗaura maka, wani ko sitika ya gani sai ya ɓata rai. In amsar ta yi maka tsami, garantin na kamfani ne, kowane dilan kamfanin zai iya yi maka aiki, sai ka canza sheƙa.

Wanda ba ya son ciwon kai ko kaɗan, kamfanonin na da nasu: TRD na Toyota, Ford Performance, Mopar na Ram, Chevrolet Performance. Sun fi tsada, ƙararsu kuma ba ta cika tashi ba, amma in dila ya ɗaura, bakin gardama ya rufe. Ka dai karanta takardar kayan, don ba duk abin da ke ɗauke da tambarin kamfani ke da garanti iri ɗaya ba, wasu an rubuta a jikinsu na filin tsere ne kawai.

In motar haya ce ta shekaru, ka tuna dole ka mayar da ita yadda aka ba ka. In kuma ka sayi ƙarin garanti a ofishin da ake sa hannun bashi, wannan kwangila ce daban mai nata sharuɗɗa, da yawansu sun rubuta ƙarara cewa ba ruwansu da motar da aka yi wa canji. Karanta ta kafin ka kwance noti ɗaya.

Ranar ɗaurawa

Zaɓi saitin da aka ƙera wa motarka, mai hawa kan robobin rataya na asali, ana ɗaure shi da maɗauri da noti. Ka guji mai walda da zai yanka ya lanƙwasa bututu da ido. Ka ce a cire tsohuwar salansar ba tare da an datse ta ba in zai yiwu, ka ɗora ta a bodi ka tafi da abarka. Masu gareji kan so su riƙe ta, kada ka bari.

Ka tsaya a wurin, kuma kafin a sauke motar daga kan na'urar ɗagawa ka shiga ƙarƙashi da tocila. A nan na yi sakaci na biya. Garejin da suka ɗaura mini sun bar bututun hagu kusa da wayoyin da ke zuwa soket ɗin tirela, tazarar ba ta kai yatsa biyu ba. Bayan wata uku ina jan tirela da daddare sai fitilunta suka ɗauke. Da na leƙa washegari, robar wayoyin ta narke ta manne kamar alewa a rana, jan ƙarfen na waje. Wannan ban ko kai wa dila ba, domin ɓarna ce da canjina ya jawo, kuma da sun ƙi da sun yi daidai. Dala 240 na biya mai wayarin, na sa aka karkatar da bututun. Saboda haka duba tazara tsakanin bututu da safaya, da tiyon birki, da wayoyi, da shokozoba, da robar bamba. Ka tuna in an yi lodi ƙafar baya na matsowa sama, abin da ke da sarari yanzu zai iya gogawa. A tayar da injin, ka saurara a kowace mahaɗa ko hayaƙi na tsiyaya. Ɗauki hotuna, musamman wanda ke nuna indomi da sensoci suna nan ba a taɓa su ba. Rasit ya nuna kwanan wata, mil nawa motar ta ci, da lambar kayan.

Wani abu da ba na garanti ba amma zai iya hana ka zaman lafiya a gida: gunji. Akwai wani amo mai nauyi da ke cika cikin mota idan injin na juyawa wajen 1,800 a minti, daidai gudun babbar hanya. Ya fi muni a injinan da ke kashe rabin silinda don tsimin mai. A bidiyo ba ka jin sa. Tafiyarmu ta farko zuwa San Antoniyo, awa uku, uwargida ba ta ce uffan ba sai da muka isa, sannan ta ce, "Baban yara, dala dubu ka biya don ka mayar da mota injin niƙa?" Sai da na ƙara ƙaramar tukunya a tsakiya. Nemi mai irin motarka da irin saitin, ka roƙe shi ya ɗauke ka ku hau babbar hanya na minti goma kafin ka saya.

Idan suka ƙi

Kada ka ɗaga murya, wanda ke gaban tebur sau da yawa abin da ya ji ana faɗa yake maimaitawa. Ka nemi a rubuta a takardar aiki abin da ya lalace, dalilin ƙin gyara, da yadda salansar ta jawo shi. Rabin gardama a nan take mutuwa, don ba kowa ke son sa hannu a kan abin da ba zai iya karewa ba. In sun rubuta, nemi manaja. In ya kafe, kira layin masu saye na kamfanin da kansa, lambar na cikin littafin garanti, a buɗe maka fayil a ba ka lambarsa, ka nemi wakilin kamfani na yankin ya duba motar. Ka ce kada a zubar da kayan da ya lalace, kuma in gyaran babba ne, biya wani makanike mai lasisi ya duba ya rubuta ra'ayinsa.

Bayan wannan akwai sulhu kyauta. Ford da GM, mai Chevrolet, na amfani da shirin sulhu na BBB Auto Line, Toyota na da wata cibiyar daban, littafinka zai faɗa maka wacce, kuma wasu kamfanonin sun sa sharaɗin sai ka bi ta nan kafin kotu. A Teksas ƙaramar kotu na sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba, ba sai da lauya ba. In abin ya fi haka, dokar Magnuson-Moss ta ba alƙali damar ɗora wa kamfani kuɗin lauyanka idan ka yi nasara, shi ya sa akan sami lauyoyin da ke karɓar irin wannan ƙara. Kana iya kai koke ga FTC da ofishin babban lauyan jiha, ko da yake su ba za su gyara maka mota ba.

Mai niyyar tura motar gida ta Kwatano ko Legas kuwa, garantin Amurka galibi ba ya tsallaka teku, daga ranar da ta hau jirgi ita da makanikenka ne. Ƙanina dai ya sa aksil-bak a watan jiya, imel ɗin manaja da rasit na cikin aljihun gaban motarsa. Tsohuwar salansata kuma na rataye a bangon gareji da igiya biyu, uwargida na ta cewa in kai ta bola, na ce sai motar ta cika mil 60,000.